Ƙwaƙwalwar Motar Turbo: Abin Da Ɗan Kasuwa Zai Duba Kafin Ya Zuba Kuɗinsa

Duk wanda ke cin kasuwannin ƙauye a yankin Dakoro ya san cewa mota ita ce rabin jari. Daga Maraɗi zuwa Dakoro tafiyar sama da kilomita 100 ce, daga nan kuma wanda ya nufi Tagriss sai ya yi ta fama da rairayi. Idan mota ta mutu a wannan daji da buhunan gero da wake, da akuyoyi, da kayan miyar Hajiyoyi, asarar ba ta mai mota kaɗai ba ce, ta duk wanda ya yi lodi ce. Shi ya sa a yau muka ga ya dace mu tattauna kan wani ɗan akwati da ke cinye wa masu motoci kuɗi, wato ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikanmu ke kira kalkulata, 'yan'uwanmu na Kano kuma su ce biren bos.

A da, tsofaffin Land Cruiser masu injin 1HZ ba ruwansu da wannan zance, domin famfon gazuwal ɗinsu na ƙarfe ne zalla, makaniki da sifana ya ishe shi. Amma tun wajen 2005 da Hilux mai injin D-4D ta fara yawaita, labari ya canza. Wannan inji yana da turbo, wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, tana cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Gazuwal kuwa ana matsa shi da ƙarfin da ya haura bar 1,300, alhali iskar da ke cikin tayar motar ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba. Ƙwaƙwalwa ce ke auna iskar da ta shiga, da zafin ruwa, da saurin inji, sannan ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin fesa shi. In ta yi kuskure, inji ne ke biya.

Abu na farko, Alhaji, kada ka yarda a ce maka ƙwaƙwalwa ta ƙone alhali ba a gwada ba. Sau da yawa mota kan rage gudu da kanta, fitilar inji ta kama, don kawai matatar gazuwal ta toshe, ko wata sansa ta cika da ƙura, ko waya ta tsinke. Ƙwaƙwalwar ce ke rage ƙarfin da gangan don ta kare inji. Motocin zamani suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda Amurka ta wajabta tun 1996, Turai kuma ta bi baya a 2001 ga motocin fetur da 2004 ga na gazuwal. Nan ake jona na'urar bincike ta faɗi inda ciwon yake. Kuɗin wannan gwaji a Maraɗi bai kama ƙafar kuɗin sabuwar ƙwaƙwalwa ba.

To, idan an tabbatar ta mutu, hanyoyi uku ne a gaban mai mota.

Ta farko ita ce a nemo irin wadda kamfani ya sa, sabuwa ko 'yar kwance. A nan lamba ce hujja, ba kamannin akwati ba. A jikin kowace akwai takarda mai lamba, ta Toyota galibi tana farawa da 89661, kuma dole sauran lambobin su dace da taka. Ta mota mai giyar hannu daban, ta mai giyar atomatik daban. Wadda aka kwance daga motar Turai tana iya neman wasu sansoshi da matatar hayaƙi da motar da aka yo daga Dubai ba ta da su, sai ka ɗaura ta ta yi ta kunna fitila. Ko a Maraɗi aka saya, ko aka tsallaka ta Dan Issa da Jibiya zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohuwar a hannu. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar Kwatano ta rikice wa masu shigo da kayan mota, kuma duk lokacin da kaya ya yi wuya, nan mai gyararre ke sayar da shi da sunan lafiyayye.

Sayen ma ba shi ne ƙarshe ba. A motoci da yawa akwai wani ɗan ƙwayar lantarki cikin mabuɗi wanda sai ƙwaƙwalwa ta gane shi mota za ta tashi, don haka sai an haɗa su da na'ura. Haka kowace injekta ta D-4D tana da lambarta da ake shigar wa ƙwaƙwalwa. In ba a yi ba, inji zai yi ta ƙwanƙwasa yana hayaƙi. A yi ciniki da wannan aiki a ciki.

Hanya ta biyu ita ce wadda ke ruɗar samarin direbobi: a sake wa ƙwaƙwalwa lissafi, ko a maƙala mata wani ƙaramin akwati, wai mota ta ƙara ƙarfin hawa tudun rairayi. Ƙarfin yana ƙaruwa, wannan gaskiya ne. Sai dai yawancin waɗannan ƙananan akwatuna ƙarya suke yi wa ƙwaƙwalwa, su nuna mata matsin mai ya yi ƙasa don ta ƙara. A injin gazuwal, mai ya yi yawa na nufin baƙin hayaƙi da zafin da ke iya fasa fistan ko ya cinye turbo. A injin fetur mai turbo kuwa ƙarancin mai ne ke narka fistan. Wanda ya tsara irin wannan lissafi a ƙasar sanyi, da mota wayam a kan kwalta, bai san zafin Afrilu da Mayu na Dakoro da ke haura digiri 40 ba, bai kuma san lodin ranar kasuwa ba.

Hanya ta uku ita ce ƙwaƙwalwa mai zaman kanta, irin ta kamfanonin Haltech da MoTeC na Ostireliya, ko Link na New Zealand. Kaya ne masu kyau, amma akasarinsu don injin fetur da masu tseren motoci aka yi su. Ba sa aiki yadda ya kamata sai gwani ya zauna da kwamfuta ya tsara su daidai da injin, yana gwada motar a kan na'urar auna ƙarfi. Tambayar da mai mota zai yi wa kansa ita ce: ranar da ta rikice tsakanin Tagriss da Dakoro, wa zai taɓa ta? Wanda ya ɗora wa tsohuwar motar fetur turbo don sha'awa, kuma yana da gwaninsa a kusa, wannan hanyarsa ce. Motar neman abinci kuwa, ta kamfani ta fi mata.

Ku kuma iyayenmu mata da kuka haɗa kuɗin adashe kuka sayi mota kuka ba direba, kuna da haƙƙin tambaya. A nuna muku tsohuwar ƙwaƙwalwar da aka cire. A kawo rasit mai ɗauke da lambar sabuwar. A yi sharaɗin kwanakin gwaji a gaban shaidu, motar ta je kasuwa da lodi ta dawo kafin a cika kuɗi. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar lafiya ba ce.

Sannan a nemo abin da ya kashe ta farko, in ba haka ba ta biyu ma za ta bi ta. Masu kashe ƙwaƙwalwa sanannu ne: juya kan batir wajen jona wa mota wuta, jona ta da batirin babbar mota mai wuta 24 alhali tata 12 ce, yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, cire kan batir inji na aiki wai don a gwada caji, da kuma watsa wa wayoyi ruwa wajen wanki. A riƙa kaɗe matatar iska musamman lokacin hunturu, a guji gazuwal na bakin hanya da ba a san asalinsa ba, kuma bayan doguwar tafiya a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don turbo ta huce.

Damina in ta sauka hanyoyinmu sai sun ƙara wuya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mota ya kai ta a duba tun yanzu. Allah Ya ba da kasuwa, Ya kai kowa gida lafiya.