Kuɗin Ciyar Da 'Ya'ya: Shaidar Da Amurka Ke Nema Wurin Magidantan Da Suka Baro Iyali A Jos

Tun farkon ƙarni na 20, sa'ad da kamfanonin Turawa suka soma haƙar kuza a Jos da Bukuru, wannan yanki ya zama wurin da magidanci yakan je neman abin kansa, ya baro iyali a gida. Leburori sun yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauci da Barno, har da ƙasar Nijar. In an yi biya, sai lebura ya nemi wani ɗan garinsu mai shirin komawa gida, ya ƙulle 'yan sulalla a ƙyalle ya danƙa masa, ya ce a kai wa mai ɗakinsa da yara. Ba a rubuta takarda, ba a sa hannu. Amana ita ce rasit, kuma galibi saƙo yakan isa.

Yau kuwa al'amarin ya juya. Tun kafin farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya cikin 1985 sana'ar take ja da baya, jikokin waɗancan leburori kuwa sun shiga duniya, waɗansu Makka da Jidda, waɗansu Ingila, waɗansu Amurka. Yanzu Jos ake aiko wa kuɗi, su shiga gidaje a Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da Rikkos. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya mazauna waje sun aiko gida da kusan dala miliyan dubu 20 a cikin 2023. Amma tsohuwar ɗabi'ar nan ta aika saƙo ta hannu ba ta gushe ba, kuma ga wanda ke zaune a Amurka akwai ranar da za ta iya zame masa ƙarfen ƙafa, watau ranar da ya tashi neman zama ɗan ƙasa.

Abin da dokar Amurka ta tanada

Dokar shige da fice ta Amurka ta 1952 ita ce tushen maganar. Ta ce baƙon da ya riƙe takardar izinin zama na dindindin, wadda ake kira koren kati, har shekara 5, yana iya neman zama ɗan ƙasa. In kuwa yana auren 'yar ƙasar kuma suna tare, shekara 3 ta isa. Amma ƙidayar shekaru kaɗai ba ta wadatar ba. Wajibi ne ya nuna cewa shi mutumin kirki ne a cikin waɗannan shekaru, kuma nauyin kawo shaida a kansa yake. Jami'in da ke duba takardunsa yana da ikon waiwayawa baya da haka in ya ga dalili.

Daga cikin abubuwan da ke soke kirkin mutum a idon wannan doka akwai ƙin ciyar da waɗanda ke ƙarƙashinsa da gangan. A cikin fam ɗin da ake cikawa, mai lamba N-400, ana bukatar mutum ya rubuta sunayen 'ya'yansa waɗanda ba su kai shekara 18 ba, da inda suke zaune, ya kuma faɗi ko yana ɗaukar nauyinsu. Can gaba akwai wata tambaya, ko ya taɓa barin iyalinsa ba ciyarwa. Abu biyu ne mutanenmu suka fi jahilta a nan. Na farko, ba sai wata kotu ta yanke wa uba kuɗin ciyarwa ba, domin hukumar da ke kula da wannan aiki, wadda ake kira USCIS a taƙaice, ta ɗauki ciyar da ƙananan yara wajibi ne a kan iyaye ko da hukuncin kotu ko babu. Na biyu, kasancewar yara a wata ƙasa bai sauke nauyin ba. Yaron da ke Unguwar Rogo da wanda ke Niyok duk ɗaya ne a wurin jami'i.

Cikin Agustan 2025 hukumar ta fitar da sabon umurni ga jami'anta, cewa kada su tsaya kan rashin laifi kawai, su auna halin mutum gaba ɗaya. A cikin abubuwan da umurnin ya ambata a matsayin alamar gyara hali har da biyan bashin kuɗin ciyarwa da ya taru a kan mutum.

Inda gizo ke saƙa

A ɗauki misalin magidancin da ya bar Jos ya sauka unguwar Bronx ta birnin Niyok, inda masu jin Hausa daga Gana da Nijar da Nijeriya suke da yawa, ya kama tuƙin tasi. Ya rabu da uwar 'ya'yansa, yara uku suna hannun mahaifiyarsa a Gangare. Ba watan da yake wucewa bai aiko ba. Amma yaya yake aikowa? Yakan ba wani ɗan kasuwa dala a can, abokin cinikin ɗan kasuwar ya ba ƙanensa naira a nan, ƙanen ya sayi buhun masara da na shinkafa, ya biya kuɗin makaranta, ya ɗinka kayan salla, in hunturun Jos ya kama ya sayi rigunan sanyi. Dalilinsa na bin wannan hanya ba ɓoyayye ba ne, domin kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira cikin Yunin 2023, canjin 'yan kasuwa ya fi na banki nesa ba kusa ba.

Duk unguwa ta san wannan mutum yana riƙe da 'ya'yansa. Amma ranar da ya zauna gaban jami'i aka ce ya kawo shaida, ba shi da ko ƙyallen takarda. In ma ya taɓa aikowa ta banki, sunan ƙanensa ne a kan rasit, babu abin da ya nuna kuɗin na yara ne. Ga kuma al'ada. Bahaushe yana jin nauyin a ce ya rubuta abin da ya ba iyalinsa, sai ka ce bashi ya bayar. Wani ma saboda kunyar ɗan fari ko sunan yaron ba ya kamawa, balle ya zauna lissafin abin da ya kashe masa. Jami'in Amurka kuwa bai san kunya irin wannan ba, abin da ke rubuce shi yake karantawa.

Takardun da ake karɓa

Hukumar ta bayyana irin shaidar da take karɓa: cakin banki da aka riga aka biya, rasit na aika kuɗi, takarda daga kotu ko ofishin gwamnati mai nuna biya, shaidar cewa ana cire kuɗin daga albashi, ko kuwa wasiƙa mai hatimin rantsuwa daga uwa ko wanda yake riƙon yaran.

Saboda haka abin da ya fi ga mai iyali a Jos shi ne ya riƙa aikowa ta banki ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Western Union da MoneyGram, da sunan wanda yaran ke hannunsa, a kai a kai, ya kuma adana kowane rasit. Kuɗi kaɗan da ake gani wata bayan wata ya fi nuna riƙo bisa ga dunƙule guda da aka aiko ana saura mako biyu a shiga ganawa. Mutanen gida su ma suna da nasu aikin. Rasit na makaranta da na asibiti da na hayar gida, in an ajiye su, suna ƙarfafa magana, musamman in akwai sunan yaro a kai.

Ita wasiƙar mai riƙo, ana iya yin ta a Jos a matsayin takardar rantsuwa, a gaban kwamishinan rantsuwa na Babbar Kotun Jiha ko wurin lauyan da ke da izinin buga hatimi. Ya kamata ta faɗi sunayen yara da ranakun haihuwarsu, da dangantakar mai riƙo da su, da abin da uba yake aikowa, da hanyar da yake bi, da tun yaushe. In an rubuta ta da Hausa, ko da boko ko da ajami, dole a haɗa da cikakkiyar fassarar Turanci, tare da shaidar mai fassara cewa ya iya harsunan biyu kuma bai rage kome ba.

Jos tana da wata matsala tata ta daban. Rigingimun Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010, da gobarar babbar kasuwar Taminus ta Fabrairun 2002, sun cinye gidaje da shaguna tare da takardun mutane da dama. Wanda takardar haihuwar ɗansa ta salwanta, sai a tuntuɓi ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun da wuri. Haka nan saki da aka yi da baki, ko aka rubuta a guntuwar takarda, gara a je kotun yanki a sami shaidarsa, domin fam ɗin yana tambayar tarihin auren mutum, kuma dokar ta ɗauki zama da mace fiye da ɗaya a lokaci guda abin da ke hana samun ɗan ƙasanci.

Hakkin uwar yara

Wani abin lura shi ne yadda wannan doka ta sa maganar macen da aka saki ta yi nauyi. Matar da ta shekara biyar tana dakan wankau ko tana sayar da awara a ƙofar gida don ta ciyar da yara, ran nan sai ta ga dangin tsohon mijinta sun yi sallama da takarda, suna roƙon ta sa hannu. Ya kamata ta san cewa ba wanda ke da ikon tilasta mata, kuma rantsuwa a kan ƙarya laifi ne a dokar Nijeriya, ita za ta ɗauki alhakinsa. In uban yara yana ciyarwa, adalci ne ta shaida masa, ko da rabuwarsu ba ta yi daɗi ba. In kuwa ba ya yi, tana da damar ta ce a fara biyan hakkin yara tukuna, a kuma rubuta abin da aka shirya a kai.

Wannan hakki ba Amurka ce ta ƙago shi ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na ƙasar nan suke bi, ciyar da 'ya'ya a kan uba yake, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, kamar yadda ɗaliban zaure suka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid. Dokar aure ta 1970 ta ba Babbar Kotu ikon yanke kuɗin ciyarwa ga waɗanda suka yi auren rajista, sa'an nan ga dokar hakkin yara ta tarayya ta 2003, wadda Jihar Filato ta kafa irinta cikin 2005. Hukuncin ɗaya daga waɗannan kotuna, tare da shaidar cewa an bi shi, hujja ce mai ƙarfi ga uba, kariya ce kuma ga yara.

Uzuri da ƙarya

Dokar Amurka ba ta rufe ƙofar uzuri ba. Abin da ta hana shi ne ƙin ciyarwa da gangan. Wanda ya rasa aiki ko ya kwanta ciwo, ya kuma nuna cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, jami'i zai auna wannan. In an ƙi mutum yana da kwana 30 ya nemi a sāke duba maganarsa, kuma yana iya sāke nema daga baya, sai dai kuɗin fam ba ya dawowa. Tun 1 ga Afrilun 2024 aka sa shi dala 710 ga mai cikawa ta intanet, 760 ga mai aika takarda.

Babban haɗari shi ne mutum ya ga ba shi da rasit, sai ya ce ba shi da 'ya'ya. Ganawar da jami'i a kan rantsuwa ake yin ta, kuma yin ƙarya a cikinta kaɗai ya isa a ƙi mutum. In ma ya tsallake, aka gano daga baya, ana iya kai shi kotu a ƙwace ɗan ƙasancin. Jami'i yakan gwada amsar yau da takardun da mutum ya cika tun sa'ad da ya nemi biza. Waɗanda suka tafi ta ƙuri'ar biza, kafin a cire Nijeriya daga cikinta a rajistar 2013, ƙa'ida ta wajabta musu rubuta matansu da 'ya'yansu duka. Duk wanda ya san ya ɓoye wani a wancan lokaci, to, ya ga lauyan shige da fice kafin ya aika fam, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Ko bayan an zama ɗan ƙasa ma maganar ba ta ƙare ba, gama wanda hukumar wata jiha ta Amurka ta shaida cewa ana binsa bashin ciyarwa fiye da dala 2,500, ba a ba shi fasfo.

Nijeriya ita ma tana neman kirki wurin baƙon da ke son zama ɗanta. Sashe na 27 na Tsarin Mulkin 1999 ya bukaci zaman shekara 15, da halin kirki, da amincewar Gwamnan Jiha cewa mutanen wurin sun karɓe shi. Sashe na 28 kuwa ya bar wa haifaffen ɗan Nijeriya damar riƙe ƙasarsa ko da ya sami wata. Watau ɗan Jos da ya yi rantsuwa a Niyok bai fita daga zama ɗan Gangare ba, kuma kotunan gida suna da ta cewa a kan hakkin 'ya'yansa.

Shawarar da ta rage ga dangi ita ce kada a jira sai ranar ganawa ta matso. Tun ran gini ran zane. Mai ɗa ko ƙane ko miji a Amurka ya aika masa da wannan labari, a buɗe wa mai riƙon yara asusun banki da sunanta, a sami jakar da za a riƙa tara rasit, a fara daga kuɗin wannan wata.