Yadda Sikelin Lantarki Ke Mayar Da Nauyin Buhu Lamba

Legas — A manyan kasuwannin abinci irin su Mile 12 ta Legas da Bodija ta Ibadan, sikelin lantarki ya samu gindin zama wajen cinikin hatsi da nama. Sai dai 'yan kasuwa kaɗan ne suka san yadda lambar da ke fitowa a fuskarsa take samuwa, alhali a kanta ake biyan kuɗi.

A cikin irin wannan sikeli akwai wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ake kira maikurokwantirola, wadda ba ta fahimtar komai sai lamba. Shi kuwa nauyi ba lamba ba ne. Idan aka ɗora buhu, wani ƙarfe da ke ƙarƙashin faifan yakan ɗan lanƙwasa, ya fitar da wutar da ba ta wuce 'yan milibolt ba. Sashen da ke mayar da wannan wuta lamba shi ake kira ADC.

Aikinsa ya yi kama da na mai sikelin gargajiya. Da farko yakan gwada wutar da rabin ma'auninsa. In ta rinjaya ya riƙe, in ta gaza ya sauke, sa'an nan ya gwada da rabin abin da ya saura. Mai bit 10 yakan yi haka sau 10 kafin ya tsayar da amsa.

Yawan bit ɗin shi ne ƙanƙantar tsanin awo. ATmega328P, wadda ke kan allon Arduino Uno, tana da bit 10, wato matakai 1,024. Idan ma'aunin bolt 5 ne, kowane mataki ya kusa milibolt 4.9. Da za a shimfiɗa waɗannan matakai a kan sikelin kilo 150, to kowane ɗaya zai kai kimanin giram 146, kuma abin da bai kai haka ba zai wuce ba a gani ba. Saboda haka masu ƙera sikeli kan ƙara wani ADC na musamman, kamar HX711 mai bit 24, wanda ke amfani da wata dabara ta daban, yake kuma ninka ƙarfin wutar har sau 128 kafin ya auna.

Amma yawan bit kaɗai bai isa ba. Duk awon ya dogara ne ga tsayuwar wutar da ake gwaji da ita, kuma raunin batir, da zafin rana, da ɗora kayan da suka fi ƙarfin ƙarfen, duk suna iya karkatar da sakamako. Kuskuren giram 200 a buhu ba ya ɗaukar ido, amma a lodin buhu 300 ya zama kilo 60, ko dai daga aljihun mai saye ko na mai sayarwa.

Don haka ya kamata mai sayen sikeli ya duba mafi girman nauyin da yake ɗauka da mafi ƙanƙantar matakin da aka rubuta a jikinsa, ya kuma riƙa gwada shi da dutsen awo na gaskiya. Tantance ma'aunan ciniki a Nijeriya yana hannun Sashen Awo da Ma'aunai na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya.