Kayan Miƙar Ƙafa na Tafi-da-Gidanka: Aikinsu da Iyakarsu a Karkarar Hausa, da Misali daga Lajawa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan ƙananan kayan motsa jiki waɗanda ake amfani da su don miƙar da ƙafa da sassauta gaɓoɓinta, watau irin waɗanda mutum zai iya naɗewa ya jefa a jaka ya tafi da su duk inda ya nufa. An ɗauki Lajawa, ɗaya daga cikin garuruwan Ƙaramar Hukumar Wudil ta Jihar Kano, a matsayin misali, domin gari ne na manoma wanda rayuwarsa ta yi kama da ta ɗaruruwan garuruwan ƙasar Hausa. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, amfanin waɗannan kaya ya rataya ne a kan yadda aka yi aiki da su da kuma daɗewar da aka yi ana yi. Tsadarsu ba ta ƙara musu kome. Saboda haka mutumin karkara yana da mafi yawansu a cikin gidansa, sai dai yana bukatar sanin hanyar amfani da su, da sanin inda ƙarfinsu ya tsaya.

2.0 Abin da ke faruwa idan an miƙar da tsoka

Kafin a shiga maganar kaya, ya kamata a fahimci abin da ake miƙarwa. Akwai tsokoki huɗu a ƙafa waɗanda suka fi saurin ƙagewa: tsokar bayan cinya, da tsokar gaban cinya, da tsokar matsematsi, da kuma ta sha-raɓa wadda agara ta haɗa da dunduniya. Kowace daga cikinsu ta ƙetare gaɓa ɗaya ko biyu, don haka idan ta ƙage sai gaɓar ta kasa buɗewa iyakar yadda Allah ya halicce ta.

A cikin kowace tsoka akwai waɗansu ƙananan masu tsaro da ke sanar da lakar baya duk lokacin da aka ja tsokar. Idan jan ya zo da fizga, nan take sai saƙo ya dawo tsokar ta ɗaure kanta don kada ta yage. Liddell da Sherrington na Ingila ne suka bayyana wannan hali a 1924. A nan ne dalilin da ya sa fizge-fizge ba ya sassauta ƙafa: mai fizga yana tsokano ainihin abin da yake so ya kwantar.

Wani abu kuma da bincike ya nuna shi ne, sassaucin da mutum ke samu a makonnin farko bai zo daga tsawon da tsoka ta ƙara ba. Magnusson da abokan aikinsa a ƙasar Denmak sun nuna a 1996 cewa bayan makonni ana miƙar da tsokar bayan cinya, ƙafa takan ƙara buɗewa alhali taurin tsokar yana nan yadda yake. Abin da ya sake shi ne jimirin jiki, watau ya saba da jan har ya daina ɗaukarsa haɗari. Ke nan miƙa horo ce ta sabo, sabo kuwa ba ya samuwa a rana ɗaya.

3.0 Taƙaitaccen tarihin kayan

Tunanin yin motsa jiki don magani ya sami tsari na makaranta a ƙasar Suwidin, inda Per Henrik Ling ya kafa cibiyar horon jiki a birnin Istokholm a 1813. Kayan wancan zamani na kafewa ne a bango, ba su ɗaukuwa. A ƙasar Indiya kuwa, malamin yoga B.K.S. Iyengar, wanda ya buɗe cibiyarsa a Pune a 1975, shi ya shahara da sa wa ɗalibai ɗamara da guntun katako da bargo, domin wanda hannunsa bai kai yatsun ƙafarsa ba ya sami abin da zai cike masa tazarar. Faffadar robar nan mai launi-launi da ake gani a asibitoci, wadda aka fi sani da Thera-Band, ta fito ne daga Amurka a ƙarshen shekarun 1970.

Babban abin da ya ciyar da wannan ilmi gaba shi ne cutar shan-inna. Sista Elizabeth Kenny ta Ostareliya ta yi ta jayayya da likitocin zamaninta a kan cewa ɗaure ƙafar yaro cikin filasta tsawon watanni yana ƙara sandarar da ita, ta ce a gasa da tsumma mai ɗumi a kuma riƙa motsa ta. An buɗe cibiya da sunanta a Minneapolis a 1942. Bayanta, Dokta Herman Kabat da Margaret Knott suka fito da dabarar da ake sa mutum ya ɗaure tsoka na ɗan lokaci, ya saki, sa'an nan a ƙara miƙar da ita. A Afirka, Farfesa Ronald Huckstep, wanda ya taɓa aiki a Makerere a Yuganda, ya wallafa littafi a 1975 wanda ya nuna yadda za a ƙera takalman ƙarfe da sandunan dogarawa da kayan da maƙerin gari da kafinta ke da su. A Nijeriya aikin gashin ƙashi na asibiti ya fara ne a Igbobi ta Ikko a 1945, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano kuwa an kafa shi a 1959.

4.0 Ire-iren kayan da makwafinsu a gida

4.1 Ɗamara. Wannan igiya ce mai faɗi wadda ba ta talewa, tsawonta wajen mita 2, wani lokaci da maɗaukai a jere. Mutum ya kwanta rigingine a tabarma, ya rataya ta a tafin ƙafa, ya ɗaga ƙafar a miƙe yana ja da hannu biyu har ya ji ja a bayan cinya. Aikinta kaɗai shi ne ta ƙara wa hannu tsawo. Rawani, ko zane da aka ninke, ko majanyi, duk suna yin wannan aiki daidai wa daida, sun ma fi siririyar igiya domin ba su yanka tafin ƙafa.

4.2 Roba mai talewa. Ita wannan ta fi dacewa da ƙarfafa tsoka, musamman ta idon sahu da ta gefen ƙugu, domin tana turjewa gwargwadon yadda aka ja ta. Robar cikin tayar keke ko ta babur, wadda ake yankawa ana ɗaure kaya da ita a kowace kasuwa, tana iya tsayawa a madadinta. Sai dai a duba ta kullum, gama tsohuwar roba takan tsinke ta doki ido.

4.3 Katako mai gangare. Allo ne da aka ɗaga goshinsa kaɗan, a taka shi dunduniya na ƙasa yatsu na sama, don a miƙar da sha-raɓa da agara. Kowane kafinta zai iya haɗa shi. In babu, dokin ƙofa ko bulo ɗaya a jikin bango ya isa.

4.4 Gungumen murzawa. Wannan mulmulallen abu ne na soso mai tauri da ake kwantawa a kai ana murza cinya. Yana kawo sassauci na ɗan lokaci kafin a fara wasa. Guntun taɓarya da aka naɗe da tsumma yana yin irin aikinsa.

4.5 Na'urar buɗa ƙafa. Sanduna biyu ne na ƙarfe da ake zama a tsakaninsu, a juya wani mariƙi su ware ƙafafu. Masu karate da tekwando ne suka fi nemanta. Ita ce mafi tsada, ita ce kuma mafi haɗari, domin ƙarfin mariƙin ya fi ƙarfin gargaɗin da jiki ke bayarwa. Ba ta da makwafi a gida, kuma manomi ba shi da bukatarta.

5.0 Su wa ke bukata a Lajawa?

Wajibi ne a faɗi cewa Bahaushen karkara ya riga Bature mazaunin kujera a wannan fage. Wanda ya tashi yana zama a tabarma ya harɗe ƙafa, yana tsugunawa wajen alwala da cin abinci, yana ruku'u da sujada da zaman tahiya sau da yawa kowace rana, gwiwarsa da idon sahunsa suna kaiwa iyakarsu kullum ba tare da ya kira abin motsa jiki ba. Yaron da ke wasan langa, ya riƙe ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, yana miƙar da tsokar gaban cinya kamar yadda malamin wasanni zai koya masa. Don haka ba kowa ne ke bukatar kaya ba. Masu bukata kashi huɗu ne.

Na farko su ne waɗanda sana'a ta zaunar da su wuri guda: tela a kan keken ɗinki, da ɗan acaɓa, da direban da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ta gadar Wudil, da ɗalibi a kan benci. Gwiwarsu da ƙugunsu na wuni a tanƙwashe, tsokar bayan cinya da ta gaban ƙugu sai su saba da gajarta.

Na biyu su ne dattawa. Da yawa daga cikinsu abin da ke fara kai su neman magani shi ne kasa zaman tahiya ko kasa tashi daga sujada, har su koma salla a kan kujera. Manomin da ya yi damina yana sunkuye da fartanya, sa'an nan ya yi rani a zaune a inuwa, shi ma yakan ji ƙafa ta sandare idan ruwan farko ya sauka.

Na uku su ne 'yan kokawa da 'yan dambe da matasa masu ƙwallo, waɗanda wasansu ke bukatar buɗa ƙafa fiye da tafiyar yau da kullum.

Na huɗu, waɗanda kuma lamarinsu ya fi nauyi, su ne masu ɗauke da tabon shan-inna, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, da wanda aka yi wa ɗori ya daɗe bai taka ba. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 ta dawo da shi a 2004, cutar kuwa ta yaɗu ƙwarai a tsakanin waɗannan shekaru da bayansu. Yaro na ƙarshe da ƙwayar daji ta kama a jihar an same shi ne a Ƙaramar Hukumar Sumaila, ba nisa da Wudil, a watan Yuli na 2014. An bayyana Afirka ta rabu da wannan ƙwaya ran 25 ga Agusta, 2020. Amma yaran da ta taɓa a wancan lokaci yanzu samari ne da 'yammata, kuma suna nan a garuruwanmu.

6.0 Ƙa'idojin aiki

Ƙa'ida ta farko, a ɗumama jiki tukuna, ko da da tafiyar minti 5 zuwa 10 ce. Bayan dawowa daga gona ko daga masallaci ya fi farkawa daga barci dacewa.

Ta biyu, a ja a hankali har a ji ja, a tsaya nan. Idan an ji zafi mai suka, ko ƙafa ta ɗauki mirmir har yatsu, an wuce wuri.

Ta uku, a riƙe. Bandy da Irion sun gwada wannan a Amurka a 1994, suka tarar riƙon daƙiƙa 30 ya fi na daƙiƙa 15 amfani, na daƙiƙa 60 kuwa bai ɗara na 30 ba ga matasa. Shawarar da masana likitancin wasanni na Amurka suka bayar ita ce riƙon daƙiƙa 10 zuwa 30 ga yawancin mutane, 30 zuwa 60 ga tsofaffi, a maimaita har kowace tsoka ta sami jimlar minti ɗaya, aƙalla kwana 2 ko 3 a mako. Wanda ba shi da agogo sai ya ƙirga numfashinsa.

Ta huɗu, a dawwama. Sassaucin da aka tara cikin makonni yakan zube idan aka bari. Da haka ne rawanin da ke rataye a ƙusa kusa da shimfiɗa ya fi na'urar da ke kulle a akwati.

7.0 Inda ƙarfin kayan ya tsaya

A nan ne masu talla ke yin shiru. Herbert da Gabriel sun tattara gwaje-gwajen da aka yi suka nuna a 2002 cewa miƙa kafin wasa ko bayansa ba ta hana tsamin jiki yadda ake zato. Haka kuma bitar da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2017 ta nuna cewa gaɓar da ta riga ta ƙage saboda cutar jijiya ko doguwar kwanciya, miƙa ta 'yan watanni ba ta buɗe ta buɗewar a zo a gani. Ma'anar wannan ga iyayen yaro mai shan-inna a fili take: gwiwar da ta daɗe a naɗe ba rawani ne zai warware ta ba, kuma dannawa da ƙarfi na iya karya ƙashin da cutar ta riga ta raunana. Irin wannan sai asibiti, inda ake bi da filasta mataki-mataki, ko tiyata, sa'an nan takalmin ƙarfe. Aikin kayan gida shi ne riƙe abin da asibiti ya samar, bisa yadda ma'aikacin gashin ƙashi ya nuna.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su fara ba sai sun ga likita: mai sabuwar karaya ko targaɗe, da mai amosanin jini da ke jin ciwo a ƙugu, da mai ciwon sukari wanda tafin ƙafarsa ya daina ji, da wanda sha-raɓarsa ɗaya ta kumbura ta yi zafi haka kawai, domin wannan na iya zama gudan jini ne, murza shi kuwa haɗari ne ga rai.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa huɗu daga cikin kayan nan biyar suna da makwafi a gidan mutumin Lajawa, na biyar ɗin kuwa ba ya bukatarsa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai koyarwa. Saboda haka ana ba da shawara uku. Ɗaya, a koya wa ma'aikatan ɗakunan shan magani na ƙauyuka da malaman wasanni na firamare waɗannan ƙa'idoji huɗu da alamomin haɗari, cikin harshen Hausa. Biyu, a jawo maɗora a jiki, tun da su ne mai karaya ke fara zuwa wurinsu, domin su san lokacin da ya kamata a fara motsa gaɓa da lokacin da ya kamata a tura mutum Dala. Uku, masu nazarin harshe su haɗa kai da Sashen Gashin Ƙashi na Jami'ar Bayero a tsayar da sunayen tsokoki da gaɓoɓi da Hausa, gama ba a koya wa mutum kula da abin da ba shi da sunansa a bakinsa. Allah ya sa mu dace.