Kifin Gar Da Ɗan'uwansa Na Gulbinmu

Ran nan ɗanmu na biyu ya shigo gida da waya a hannu, yana rawar jiki. Ya ce, "Baba, dubi wannan! Don Allah a sayo mana." Muka duba, sai ga wani siririn kifi mai dogon baki kamar na kada, yana shawagi cikin akwatin gilashi a ɗakin wani mutum. Sunansa gar. Yaron kuwa har ya zaɓi kusurwar da za a ajiye akwatin.

Watakila ku ma yaranku sun nuna muku shi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba ku labarin abin da muka koya, tun kuɗin wani bai fita daga aljihu ba.

Gar ba kifin ƙasarmu ba ne. Iri bakwai ne, dukansu kuwa a Amurka ta Arewa da ta Tsakiya da tsibirin Kuba suke. Ɓawon jikinsa tauri gare shi kamar sulke. Yana iya shaƙar iska a bisa ruwa, saboda haka yakan rayu a ruwan da zai kashe waɗansu kifaye. Ƙwansa dafi ne ga mutum. Masu sayar da kifin ado sukan sayar da shi tun yana kamar tsawon yatsa, amma ba kullum suke faɗa wa mai saye iyakar girmansa ba. Babban cikinsu, mai bakin kada, yakan wuce ƙafa ɗaya da rabi cikin shekara guda, yakan kuma yi shekara 50 ko fiye a duniya. A 2011 an kama wani a jihar Misisifi mai tsawon ƙafa 8 da inci 5, nauyinsa kilo 148. Wane ɗaki ne a Katanga zai ɗauki wannan? Ko ƙananan irin ma sukan kai ƙafa biyu zuwa uku. Ga shi kuma da saurin firgita. In aka buga ƙofa da ƙarfi yakan zabura ya daki gilashi, har ya karya baki ko ƙashin baya.

To, sa'ad da kifin ya fi ƙarfin akwati, me mai shi zai yi? Da yawa sukan ɗauke shi da dare su zuba a tafki ko kogi. Haka aka yi ta samunsa a ƙasashen da ba nasa ba. A 2022 hukumar birnin Ruzhou a ƙasar Sin ta kwashe ruwan wani tafki ƙaƙaf don neman wannan kifi, aka sami guda biyu. Japan kuwa ta hana shigo da shi da sayar da shi tun 2018. Ku tuna da gulbin Zamfara da ya bi ta Jega, da yawan gidajen da tukunyarsu ke dogara ga karfasa da tarwaɗa da ƙurungun da ke ciki. Baƙo mai haƙora wanda abincinsa kifi ne, ba mu so a ce daga gidanmu ya shiga can.

Muka ce wa yaron a'a. Ya yi kwana biyu yana ɓacin rai.

Ashe abin da muke nema yana kusa. Wata safiya a bakin gulbi wajen Jega muka tarar da wani dattijo masunci yana tsince tarunsa. Muka nuna masa hoton. Ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai wannan kamar gartsa ne da aka ja wa baki." Ya sa hannu cikin ƙwarya ya ɗago mana ɗaya, tsawonsa bai kai taƙi ba. Muka ce, "Nawa, Baba?" Ya ce, "Haba, ba wa yaron."

Dattijon bai yi kuskure ƙwarai ba. Gartsa, wanda waɗansu ke kira gwando, ba gar ba ne, amma ɓawonsu iri ɗaya ne, dukansu kuma tsofaffin irin kifi ne masu shaƙar iska. Gartsa yana da huhu biyu. A gadon bayansa akwai ƙananan fikafikai jere kamar haƙoran zarto, 8 zuwa 11 a irin da aka fi samu. Yana dogara da fikafikansa na gaba ya ja jiki kamar ƙadangare. A 2014 masana a jami'ar McGill ta Kanada suka ba da labarin yadda suka reni 'ya'yansa wata takwas a wuri mai laima, ba cikin ruwa ba, suka rayu, har tafiyarsu ta gyaru. Mutanen Turai da Amurka da Japan da kuɗi suke sayensa. Mu kuwa da kyar muke dubansa sau biyu.

Na farkon bai kwana uku a gidanmu ba. Mun sa shi a baho ba murfi. Da gari ya waye muka same shi a bakin ƙofa, ya bushe, tururuwa sun rufe shi. Laifinmu ne, ba na kifin ba. Gartsa gwanin tsere ne, ko 'yar kafa ya samu sai ya fita. Sai ku yi murfi mai nauyi wanda iska ke ratsawa, ku kuma bar tazarar yatsa huɗu tsakanin ruwa da murfin. Gama in bai sami hanyar ɗaga kai ya shaƙi iska ba, zai mutu cikin ruwan, ko da yake kifi ne.

Akwatin ya zama mai faɗi, ba mai zurfi ba, domin a ƙasa yake zama. Wanda zai ci lita 200 ya isa kifi ɗaya, gama a gida ba ya cika wuce ƙafa guda. Kada ku manta, lita 200 na ruwa kilo 200 ne, tebur mai ƙafar sauro ba zai ɗauka ba. Ku zuba yashi mai laushi da aka wanke sarai, ku kife masa fasasshiyar tukunya ya riƙa ɓuya da rana. Kowane mako ku ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ku zuba sabo. Muna amfani da ruwan rijiya. In na famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe tukuna. Sabulu da omo kada su kusanci akwatin, haka kuma maganin sauro na fesawa.

Wajen abinci, nama yake ci. Tana, fara, shinge lokacin damina, da 'yan gutsattsarin ɗanyen kifi. Tuwo da burodi ba abin da za su yi sai ɓata ruwa, wannan kuwa sai kun yi ta faɗa wa ƙananan yara, don tausayi ke sa su jefa masa. Idonsa ba ya gani sosai, da hanci yake farauta, da almuru kuma yake fitowa. Ƙarami a ba shi kullum, babba bayan kwana biyu. Abin da bai ci ba a tsame shi da safe. Duk kifin da zai shiga bakinsa, kada ku haɗa su.

Ruwan da yake so shi ne mai ɗumin digiri 25 zuwa 28. Da hunturu mukan rufe akwatin da bargo da dare, mu bar kafar iska. Da bazara kuwa, sa'ad da rana ke ƙuna cikin Afrilu, a nisanta shi daga taga da kwanon rufi. Ɗaukewar lantarki ba ta dame shi kamar kifayen ado na waje, tun da ba sai an hura masa iska da inji ba.

Na biyun yana nan, ya shekara ɗaya da rabi. Yaron da ya yi fushi shi ke haƙo masa tana a bayan rijiya, ƙanwarsa kuma ke riƙe kwanon ɗebe ruwa ran Asabar. Mun yi alkawari da su, ran da suka gaji, za mu mai da shi wurin dattijon nan a bakin gulbin da aka kamo shi. Har yanzu dai ba wanda ya ta da maganar.