Mahaɗin Intanet Mai Bin Sawun Masu Saye

Mahaɗi mai bin sawu adireshin intanet ne da ke ƙirga sau nawa aka danna shi, da kuma daga ina. Mai sayar da atamfa a Mabera, cikin Sakkwato, tana iya gajarta adireshin kayanta da Bitly, ta sa guda a Facebook, wani a WhatsApp. Kafin mako ya zagayo za ta gane wanne ke kawo ciniki, ta daina zubar da kuɗin talla a banza.

Idan masu saye suka ga kayan suka fara yi mata magana, WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, yakan aika wa sabon mai tambaya saƙon maraba ko tana barci.

Lambar wayar mai saye kuwa amana ce. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba shi ikon cewa a daina turo masa talla.