Sahun Ƙananan Taurari a Saman Tafkin Kainji



Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, manomin shinkafa a fadamar Yawuri ko Shanga, da masunci a Wara ta ƙasar Ngaski, kullum da tambaya ɗaya suke tashi: yau ina ruwa ya kai? Tauraron ɗan'adam guda ba ya amsa wannan, don idan ya gifta ta kanmu sai an kwana biyu kafin ya dawo. Shi ya sa yanzu ake harba ƙanana da yawa su yi jerin gwano, wannan na wucewa wancan na tafe. Ni dai burina abin da suka hango ya riƙa isa kunnen manomi da Hausa, tun ruwa bai ci gona ba.

A Fabrairun 2017 wata rokar Indiya ta ɗauki taurari 104 a tashi guda. Guda 88 na kamfanin Planet ne na Amurka, kowanne tsawonsa kamar santimita 30, nauyinsa wajen kilo 5. Duk wanda ya taɓa kallon jiragen ruwa a bikin Rigata na Yawuri ya san tashi tare ba wuya, riƙe sahu ne aiki. Ga shi taurarin nan ba su da injin turawa, gudunsu kuma ya haura kilomita 7 a daƙiƙa.

To, yaya ake jera su? A nisan kusan kilomita 500 akwai sauran iska 'yar kaɗan. Daga ƙasa ake umartar tauraro ya juya, ya tari iskar nan da faifansa na hasken rana. Ta ɗan danne shi, ya sauko kaɗan. Ku ji abin mamaki: wanda ya sauko ya fi saurin zagaya duniya, sai ya riƙa ba 'yan'uwansa rata. Watanni ake yi ana wannan lissafi kafin kowa ya samu gurbinsa.

Najeriya ma ta taɓa shiga sahu. A 2003 tauraronta NigeriaSat-1 ya bi ayarin taurarin Aljeriya, Turkiyya da Birtaniya masu sa ido kan bala'o'i. A 2017 Jami'ar Fasaha ta Akure da hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA, tare da wata cibiyar fasaha ta Japan, suka fitar da NigeriaEduSat-1, mai nauyin kilo 1 kacal. Ya yi kusan shekara biyu yana zagaye, sannan iskar nan dai ta jawo shi ƙasa, ya ƙone a 2019.