Turare da hayaƙi a wasan bori a ƙasar Gaya

Garin Gaya yana bakin kogin Isa, wanda waɗansu ke kira Kwara, cikin jahar Doso. In an ƙetare gada an shiga Malanbil ta ƙasar Benin, in an nufi gabas kuma sai Kamba ta Najeriya. Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Cangawa da Fulani suna zaune tare a wannan yanki, saboda haka al'adu biyu na iskoki suka haɗu a nan: borin Hausawa da abin da Zabarmawa ke kira holle. Abu guda da duka biyun ba su rabuwa da shi, shi ne ƙamshi.

Ga imanin ƴan bori, iska ba ta hawan dokinta sai an kira ta, kuma kira iri uku ne. Akwai na kunne, wato goge da ƙwarya da kirari. Akwai na ido, wato tufafin da kowace iska ta fi so. Na uku shi ne na hanci. Ana zuba garwashi a kasko, a barbaɗa turare, a turara wuri da tufafi da jikin wanda za a hau. Sun ce iskoki na ƙin ƙazanta da wari, kuma kowace da halinta. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai son ado da kyauta, don haka turare mai tsada ya dace da shi. Malam Alhaji kuwa sai fararen kaya da tsabta. A wajen Zabarmawa, zima shi ke shugabantar wasa, sorko yana yi wa Dongo mai aradu kirari, da Harakoy Dikko, uwar ruwa.

A lokacin girka ne hayaƙi ya fi aiki. Ana tsare majinyaci kwanaki a ɗaki, ana ba shi jiƙo, ana yi masa wanka da turare da saiwoyi da sassaƙe, har iskar da ake cewa tana wahalar da shi ta bayyana sunanta. Daga nan sai a san abin da take so.

Kayan turaren, waɗansu na daji ne, kamar ƙaron hano da na dashi, da saiwar jema, da kajiji. Waɗansu kuwa fatake ke kawo su, kamar lubban da sandal. Mafi suna a cikin na kwalba shi ne Bintu Sudan, wanda wani kamfanin Ingila mai suna W. J. Bush ya fito da shi a shekarar 1920, daga baya aka riƙa yin sa a Kano. Ba a sa masa barasa, shi ya sa malami da amarya da ɗan bori duk suka karɓe shi.

Masana sun daɗe suna bincike a kan waɗannan al'adu. Jean Rouch, mutumin Faransa, ya wallafa littafinsa a kan addinin gargajiya na Sonrai a 1960. Adeline Masquelier ta fitar da nata a 2001, a kan borin Dogon Dutsi, inda ta nuna yadda yaɗuwar Musulunci ta rage masa ƙarfi. Malamai dai sun daɗe suna hani da bori tun jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 kuma ta ƙara tsananta hanin.

Sai dai akwai gargaɗi ga masu karatu. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari, tana iya sumar da mutum ko ta kashe shi. Hayaƙi mai yawa yana tayar da asma, yana cutar da jarirai da mata masu juna biyu. Farfaɗiya kuma ciwon ƙwaƙwalwa ce, tana da magani a gidan likita, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar taɓa mai ita. Yaron da ya suma da zazzaɓi a damina, a fara kai shi likita, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran a gama girka. Masu sassaƙar hano su ma su yi hattara: itacen da aka zagaye da sassaƙa ba ya rayuwa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.